Ranar da Na Kama Ɓarawon Intanet

Ko da zan manta komai na shekarun da na yi ina aikin kwamfuta a Wudil, ba zan taɓa mantawa da ranar da na tara jama'a don in tona asirin ɓarawon intanet ba. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Lokacin an ɗan kwana biyu da komawa mulkin farar hula, kowace ma'aikata tana rige-rigen kafa farantin intanet a kan rufinta. Ni ne mai kula da netwok a wata kwaleji mai zaman kanta (ba zan faɗi sunanta ba, abin da ya same ni a cikinta ya isa). Mu ma muka kafa namu, muka ja kebul zuwa ofisoshi. Da farko abin gwanin sha'awa, daga baya ya koma rarrafe. Ka buɗe shafi, ka je ka yi alwala, ka yi salla, ka dawo, rabinsa bai fito ba. Duk wanda ya gan ni kuma, ko a masallaci ko wajen masu kifi a bakin gada, sai ya ce, "Injiniya, yaya dai intanet ɗin nan naku?" Naku! Kamar daga gidanmu na zo da shi.

Da Darakta ya ce mu kawo shawarar abin da za a fara saya, sai abokin aikina Malam Sabo ya ce wayales, wato intanet marar waya, wai ita ake yayi a Kano da Abuja. Abin da ke ƙona min rai da mutanenmu na kwamfuta ke nan. Mutum ya je taro sau ɗaya, ya ci shinkafa, ya dawo da sabuwar kalma, shi ke nan kowa ya shiga uku. Wani kuma ya ce batura, tunda wuta ba ta zama. Na buga tebur na ce tsaro ne farko. Akwai wanda ke shanye mana layi, kuma sai an sayo na'urar da ke nuna abin da kowace kwamfuta take ci.

Darakta ya amince. Kafin na'urar ta iso babu wanda ban zarga ba. Na yanke layin laburare, ɗalibai suka koma bin layi a kafe, shagon intanet na kuɗi, ana tsakiyar rajista. Na zagaye katangar kwaleji cikin rana ina neman wayar da na tabbata wani mai kafe a Sabon Gari ya ja. Na kuma shiga ofishin Darakta na ce a sa ido a kan Malam Sabo, don mutumin da ke gudun tsaro haka akwai abin da yake ɓoyewa. Aka kira shi aka ja masa kunne. Ya daina amsa gaisuwata, ni kuwa na ɗauki hakan a matsayin shaida.

Na'urar ta zo ana gobe za mu karɓi baƙi, ma'aikatan kwamfuta daga Kano da Dutse da Bauci da Zariya, a kan wannan batu dai na me ya kamata a fara da shi. Na haɗa ta, amma da gangan na ƙi duba abin da ta gano (ku dubi wauta). So nake mu gani tare, kowa ya shaida.

Da aka ba ni dama na miƙe na zazzage musu cikina. Na ce masu son wayales so suke su cire wa gida ƙofa alhali ɓarawo yana tsakar gida. Na ce akwai marasa tsoron Allah da ke cin haƙƙin ɗalibai. "Yau zan nuna muku shi a bango," in ji ni, ina kallon Malam Sabo, "kuma ranka ya daɗe, ko ɗan waye, a hukunta shi."

Darakta ya gyaɗa kai. Na kunna majigi.

Kwamfutocin kwaleji suka fito, kowace da ɗan guntun layinta. Guda ɗaya ce nata ya miƙe ja wur daga wannan gefen bango zuwa wancan. Wata baƙuwa daga Zariya, Injiniya Bilkisu, ta gyara tabarau ta karanta sunan da ƙarfi: "Angon Hauwa. To, wane ne kuma Angon Hauwa?"

Hauwa matata ce. Ni na raɗa wa kwamfutar ofishina wannan suna satin da na dawo daga hutun aure. Nan take na tuna cewa na taɓa sa mata wata manhaja ta sauke wa amarya finafinan Indiya, na kuma manta da ita. Irin manhajar nan ce da in ta sauke sai ta yi ta raba wa duk duniya. Kuma ba na kashe kwamfutar, don a batirin saba, babbar kwamfutar kwaleji, na jona ta.

"Ina jin bairos ne, cutar nan ta kwamfuta," na ce.

"A'a, danna mu gani," in ji Bilkisu. Ta taso ta danna da kanta. Sunayen finafinai suka cika bango.

Wani ɗan Bauci ya fara tari, daga tari ya koma dariya, ɗaki ya ɗauka. Darakta bai yi dariya ba. Ya ce, "Injiniya, kai ka ce ko ɗan waye."

Malam Sabo ya miƙe a hankali, ya gyara hula. "Ranka ya daɗe, a yi masa afuwa. Ango ne."

Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Na fita da sassarfa na fizge kebul ɗin ofishina, kafin in dawo intanet yana gudu kamar ranar da aka kafa shi. Mafi ciwo, baƙin nan duka suka yarda cewa tsaro ne farko, kowa yana tambayar inda ake sayar da na'urar, tunda ga shi ta kama ɓarawo a gaban idonsu.

Na mayar da layin laburare a ranar. Na je har gida na ba Malam Sabo haƙuri, ya karɓa, amma sai da ya sa na maimaita a gaban maƙwabcinsa. Da na ba Hauwa labari ina huci, ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "To, Yaya, fim ɗin dai ya gama sauka?"

Tun daga nan, duk na'urar da aka ce tana kama mai laifi, sai na kulle ofis na gwada ta ni kaɗai tukuna, kafin in gayyaci mutanen Zariya.