Tafkin da Doki ke Kiwo a Cikinsa

Ba zan taɓa mantawa da jajiberin sunan ɗana na fari ba, ranar da na kwashi mahaifiyata da wani dattijo a mota muka tafi kamun kifi.

Ni ɗan Yawuri ne, mahaifina kuma, Allah ya jiƙansa, masunci ne. A gidanmu in an yi haihuwa, bayan ragon suna sai uban jariri ya shiga ruwa ya kamo kifi da hannunsa, a yi wa maijego farfesu. Haka aka ce Baba ya yi mana duka. Ni kuwa boko ya ɗauke ni tun ina ƙarami, abin da na sani game da kifi bai wuce cire ƙaya ba. Amma tun da na zo garin Greensboro na Amurka, duk wanda ya zauna kusa da ni bayan sallar Juma'a sai ya sha labarin gulbinmu, da giwan ruwa, da yadda Baba ke tura jirgi da sassafe yana 'yan waƙe-waƙensa. Kewa ce ke sa ni, ita ce kuma ta riƙa ƙara wa labarin gishiri har jama'a suka laƙaba mini Sarkin Ruwa. (Ban taɓa cewa na iya su ba, amma dai ban musa ba.)

Da matata ta haifi namiji, na ce sunan Baba za a sa masa. Inna, wadda ta zo daga gida don jego, ta kwance wani ƙulli daga jakarta ta ajiye a gabana. Tsofaffin ƙugiyoyin Baba ne, duk sun yi tsatsa. Ni ne ɗan fari, ko sunana ba ta kamawa, balle ta zauna yi mini bayani. Na gane saƙon, hankalina kuma ya tashi. Ba na so matar nan ta ƙetaro teku ta tarar gadon mijinta ya mutu a hannuna.

Maimakon in tambayi mutane, girman kai ya kai ni wani kantin tsofaffin littattafai a Elm Street. Can na samu littafin jagorar masunta, mai taswirar tafkuna da rafuka da irin kifin da ke kowanne. Ya nuna wani ƙaramin tafki wajen Summerfield, ya ce tarwaɗa ta yi yawa a ciki kuma kowa na iya zuwa. Mu da muka tashi a makarantar allo, abin da ke cikin littafi ai ba a ja da shi. Na yanki lasisin kamun kifi, na sayi sandar fatsa da kwalin tana.

Alhaji Sumaila, dattijon Kumasi da ke maƙwabtaka da mu a unguwar Glenwood, ya ce sai ya ga Sarkin Ruwa a bakin aiki. Inna ma ta yafa mayafi, ta ce tun da ta zo ƙasar nan ba ta ga komai ba sai kwalta, tana so ta ga ruwansu.

A hanya Alhaji ya duba wayarsa ya ce, "Ei, Sarkin Ruwa, wayan nan fa bai nuna ruwa a wurin ba ko kaɗan."

Na ce, "Alhaji, waya ai kayan yara ce. Wannan littafi ne, bugagge."

Muka isa. Shinge ne fari, da ciyawa shar har iyakar gani. Na ce tabbas ruwan na bayan tudu. Na tura ƙyauren shingen na shiga, bokiti a hannu ɗaya, littafi buɗe a ɗayan, sanda a hammata, su biyun suna bina. Na haura tudun, na gangara, na juya taswirar sama da ƙasa. Bisa lissafin littafin, inda nake tsaye shi ne tsakiyar tafki, wuri mafi zurfi. Wani doki ya taho a hankali ya tura hancinsa cikin bokitina.

Sai ga mai gonar, wata Baturiya mai manyan takalma, ta tambaya ko lafiya. Na nuna mata shafin da ƙarfin gwiwata, kamar na zo karɓar filin gado. Ta karɓa, ta buɗe bangon farko, ta ɗora yatsa kan shekarar da aka buga shi. Ta ce an zurare tafkin an cike shi tun kafin ta haifi 'yarta, 'yar kuma yanzu tana jami'a. Ta ƙara da cewa ni ne dai na farko da ya zo har da tana.

Alhaji ya nuna kwamin da dokin ke shan ruwa, ya ce, "Sarkin Ruwa, ga ruwa can, jefa ƙugiya mu gani."

Duk wannan da sauƙi. Inna ce ta juyo ta ce, "Kai, me take faɗa?" Babu mai fassara sai ni. Da bakina na mayar mata da kunyata zuwa Hausa, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da muka juyo, duk tsawon hanya ta zuba wa taga ido. Na ce shi ke nan, ta fitar da rai da ni. Na tsaya a kantin da ake sayar da ɗanyen kifi. Ta biyo ni, ta ture hannuna, ta ɗaga kumatun wata tarwaɗa ta duba, ta zaɓi manya. Sai na ga kafaɗunta na rawa. Dariya take yi, ga hawaye.

Ta ce, "Jajiberin sunanka, Malam ya wuni a gulbi ko ɗan tsaki bai kama ba." (Malam take ce wa Baba, har yau ba ta kama sunansa.) "A jirgin wani ya saya. Ya tsoma wandonsa a ruwa, ya shigo gida yana taƙama. Ni kaɗai na sani." Ta share ido da bakin mayafi. "Ɗazu da na gan ka tsaye a ciyawar nan ka ƙi yarda, wallahi shi na gani."

Na tsaya riƙe da ledar kifi, kewar Baba ta taso mini irin wadda ban ji ba tun ranar da aka kira ni aka ce ya rasu. Alhaji ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba. (Kafin a raɗa wa yaro suna, har liman ya ji.)

Abin da na koya shi ne, littafi na tsufa, ruwa kuma na ƙaura bai sanar da mai buga littafi ba, don haka a duba shekara kafin a sayi tana. Amma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Da muka iso ƙofar gida, Inna ta miƙo mini gorar ruwan da ke motar ba tare da ta dube ni ba. Na tsiyaya a ƙafar wandona, na ɗauki kifi na shiga.