Ranar Da Na Tsayar Da Auren Ladi

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da zan manta sunayen jikokina (dama na fara cakuɗa su), da ranar da na miƙe a tsakiyar majami'a na ce ba za a ɗaura aure ba.

A zamanin Turawa ne. Mu 'yan wani ƙauye ne a gefen Furana, ƙasar Ikara, inda Kiristoci ba mu wuce 'yan gidaje ba a tsakanin maƙwabtanmu Musulmi da rugagen Fulani. Ni da Ladi tare muka tashi, tare muka koyi karatu a gindin tsamiya wurin mai bishara, rana ɗaya aka yi mana baftisma a rafi. Da ta auri Danladi ni ce babbar ƙawa. Daga baya maigidana ya samu aikin reluwe, muka yi ta bin layin dogo daga wannan tasha zuwa waccan, har muka zauna a Zariya. Shekaru suka tafi ban leƙa gida ba. Amma a taron mata na majami'armu babu wadda ba ta san labarin aminiyata Ladi ba, kuma kullum sai na sa ta a addu'a, ita da mijinta.

Wata rana a kasuwa na gamu da wani mai mazarƙwaila ɗan wajenmu. Ya ce, "Ai ran Asabar ana biki a gidan Ladi." Ban tambaye shi bikin wa ba. Ni da na san komai? Na ƙaddara Saratu ce, 'yarta ta fari, za a aurar. Na sayi atamfa, na ɗaura ɗankwalina irin na matan birni, na hau babbar mota.

Motar ta lalace bayan mun wuce Makarfi. Kafin in isa an riga an buga ƙarfen kiran sujada da ke rataye a bishiya, kowa ya shiga majami'a. Na kutsa ban gaisa da kowa ba, na samu gefen benci na ɗosana. Majami'ar ta cika, har maƙwabta sun tsaya ta taga, da matan Fulani da ƙoransu na nono a ƙasa.

Angon na fara ganewa: Ayuba mai buga mana ganga tun muna 'yan mata, gemunsa ya yi fari. Sai amarya ta ɗan juyo tana gyara mayafi. Ladi ce. Ladi da kanta, da ɗan tabon nan na gefen idonta.

Na waiga ina neman wanda zai yi mini bayani, sai idona ya faɗa kan Danladi a bencin baya, ya sunkuyar da kai, hularsa a hannu. Shi ne sak, da dogon wuyansa. Wato sun rabu, za ta auri wani a gidan Ubangiji, an kuma zaunar da bawan Allah yana kallo? (Mai hankali da ya taɓa ta kusa da shi ya yi tambaya. Ni ban zo da hankali ba, na bar shi a motar.)

Fasto, wani matashi da ban sani ba, ya kai wurin da ake tambaya ko akwai wanda ya san dalilin da zai hana a haɗa su. Kafin ya rufe baki na miƙe.

Na ce, "Ni na sani. Wannan matar tana da miji. Ni na raka ta ɗakinta. In ku kun zaɓi ku yi shiru, ni ba zan yi ba. Ga Danladi can a zaune."

Na nuna shi da yatsa. Wata tsohuwa ta dafe ƙirji. Mutumin ya ɗago kai a hankali, ya miƙe, ya dube ni da ladabi.

Ya ce, "Yaya, sannu da zuwa. Ni ne Tanko, ƙaninsa. Yaya Danladi ya daɗe da rasuwa. Tun shekarar da aka yi sanƙarau."

Tanko. Wanda na bari yana ɗan siririn saurayi. Ya girma ya kai shekarun da na bar wansa, ya ɗauki fuskarsa duka.

Har yanzu ban san yadda na zauna ba. Na dai ji benci a ƙarƙashina. Ta kusa da ni, mai goyo, ta raɗa mini, "Inna, ni ce Saratu." Wadda na zo aurarwa ke nan, ɗanta na biyu a bayanta. Fasto ya yi gyaran murya, ya ce, "To, mun gode wa 'yar'uwa, an warware wannan." Aka ci gaba. Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi.

Ana fitowa da waƙa na zame ta bayan rumbuna, niyyata in kama hanyar Ikara ko da ƙafa. Ban yi nisa ba na ji an riƙe mini gefen zane. Amarya ce, ta baro angonta da jama'a.

Na durƙusa. Na ce, "Ladi, ki yafe mini. Ban ji ba. Kullum ina yi muku addu'a, ke da shi."

Ta ce, "Da shi? Me kike roƙa masa?"

"Lafiya," na ce, "da amfanin gona."

Ta yi wata 'yar dariya, sai hawaye suka biyo. Ta zauna a kan turmi da kayan amarcinta. Ta ce, "Na jira ki lokacin. Duk motar da aka ce ta tsaya a Ikara sai in ce ke ce. Matan nan su suka kwana da ni. Hajara maƙwabciyarmu, da ba ta taɓa shiga majami'a ba, ita ta riƙa aiko mini da tuwo. Ayuba ya nome mini gona, shi ma bai daɗe da binne tasa matar ba. Na ji haushinki ƙwarai, ba zan ɓoye miki ba."

Na sunkuyar da kai.

Ta share ido da bakin mayafi. "Amma tun safe kowa ke kaffa-kaffa da sunansa, kamar bai taɓa rayuwa ba. Ni kuwa ina so a ambace shi yau. Ban dai zaci da ihu za a yi ba. Tashi mu je, abinci na hucewa."

Ta kai ni gaban Ayuba, na gaishe shi kaina a ƙasa. Ya ce, "Barka da zuwa. Ni ma da na ji ki, sai da na waiga in tabbatar." A nan ne aka yi dariyar da aka danne, har da Tanko. Na kwana biyu a garin. Ladi ta kai ni kabarin, muka yi addu'a tare, na yi kukan da ya kamata in yi tun tuni.

Na daɗe ina ɗauka zumunta ita ce ka riƙe mutum a zuciya yadda ka bar shi. Ashe Ubangiji bai tsayar da rayuwar kowa don na yi tafiya ba: ya ɗauke wasu, ya girmar da wasu, ya ba Ladi sabon gida, ni ina can ina yabon amincina. Tun daga ranar nake zuwa da ƙafata, ba da baki kawai ba. Kuma duk gidan da na shiga, komai latti, sai na gaisa, na tambayi kowa da sunansa, na ji wa ke nan wa ya tafi, kafin in buɗe baki in kare haƙƙin wani.