Ɗakunan Danang a Watan Suro

"Mbah, kin tashi lafiya?"

"Na tashi, Le. Kai ne dai ban ga alamar ka runtsa ba. Dubi idanunka, kamar na kifin da ya kwana a kasuwa."

To bari in gaya muku masu wannan gaisuwa. Mbah Wagiyem ce (Mbah kaka ke nan a yarenmu), maƙwabciyarmu a garin Salatiga na tsibirin Jawa, da jikanta Danang, wanda take kira Le, wato yaro. Ita ta raine shi tun rasuwar uwarsa. Da ya girma sai ya bi jirgin kamun kifi na mutanen Taiwan, shekara biyar yana kan teku, ita kuwa tana nan kunnenta manne da rediyo, ko za a ce iska ta kifar da wani jirgi. Da Allah ya dawo da shi bai sayi mota ba, bai yi aure ba. Duk abin da ya tara ya zuba a bayan gidanta, ya gina ɗaki huɗu na haya, irin waɗanda 'yan makaranta ke kamawa, kowanne da katifarsa da kabad. Ya rataya allo a ƙofa, ya zauna jira. Shiru. Yaro ya soma ramewa.

Abin da bai sani ba, mutane suna zuwa. Sai dai ginin ya ƙare ne daidai da kamawar Suro, wato Muharram, kuma mu Jawa a wajenmu ba a tarewa a sabon gida cikin Suro, ba a ɗaura aure, ko akurkin kaji ba a matsarwa. Danang kullum yana fita acaba. Duk wanda ya zo tambayar ɗaki, sai Mbah ta ba shi shayi, ta ce ya dawo in wata ya mutu. Ba ta gaya wa jikan ba, ta san faɗa za su yi.

Wata rana tana suyar tempe, wani irin awarar waken suya, a baranda, ga shi ya shigo da gwangwani a hannu.

"Me ka kwaso kuma?"

"Fenti. Zan sake wa ƙofofin launi. Ina jin shuɗin nan ne ke korar mutane."

"Jiya ka ce fitila ce, ka sake fitila. Kafin nan ka ce kajina ne."

"Har yanzu ban wanke kajinki ba. Zakaran nan muryarsa irin taki ce, Mbah. Wa zai biya kuɗi ya kwana kusa da ku biyun?"

"Muryata? Da muryar nan na kira kakanka daga fadamar shinkafa, ya yar da fartanya ya zo ya aure ni."

"Gudu ya so yi, ya ɓata hanya."

"Ɗan banza! Kai da ka yi shekaru a cikin ruwa ka dawo ko wanka ba ka koyo ba. Ƙarnin kifin nan ne ke korar su. Kuliyoyin unguwa ne kaɗai za su kama maka ɗaki."

"In za su biya, su zo. Ke ma in kina so akwai ragi ga marasa haƙori."

"Haƙorana biyun nan sun fi naka duka aiki. Zauna ka ci, ƙashin wuyanka har ana iya rataya jaka."

Ya zauna, amma bai taɓa tempen ba. Sai juya gwangwanin yake da ƙafa. Ta bi shi da kallo, don Danang bai taɓa ƙin abin suya ba ko yana zazzaɓi.

"Mbah, ban da wasa. Pak Sutris ya kira ni, wanda ke ɗaukar mutane a jirgi. Akwai jirgin da zai tashi. Ya ce in ba shi amsa ranar Juma'a."

Matsamin ya suɓuce mata cikin mai.

"Wane jirgi kuma? Ka ce ka gama."

"Na ce na gama in ɗakunan sun riƙe mu. Acaba ba zai ci da mu ba. In Juma'a ta zo ko mutum ɗaya bai shiga ba, to kuskure na yi, in koma in nemo wani. Shekara uku ce kawai."

"Kawai! Dube ni da kyau. Na yi maka kama da mai shekara uku a ajiye?"

"Ke? Ai mutuwa ta zo ɗaukarki har sau biyu, kika tsare ta da surutu, ta tuna tana da wani uzuri."

Ba ta yi dariya ba. Juma'a, alhali watan ko rabi bai yi ba! Tsoro biyu suka haɗu mata a ciki, ta rasa wanne ya fi. Tempe ya ƙone, ba ta ma ji ƙaurin ba.

"Le. A ce dai, a ce, wasu sun zo."

"Wasu wa?"

"Mutane. Masu ƙafafu."

"Mbah."

"Wani saurayi mai tabarau. Da wata mata da mijinta. Da 'yan mata biyu. Sai wani mai gyaran waya, amma shi dama fuskarsa ba ta yi mini ba."

Ya miƙe tsaye zumbur.

"Kika ce musu me?"

"Na ba su shayi."

"Bayan shayin!"

"Na ce su dawo in Suro ya wuce."

"Innalillahi! Ina ta zargin fenti, ina zargin zakara, ashe mai zakaran ce!"

"Kar ka ɗaga mini murya, ni na wanke maka kashi. Ka manta Pak Darmo? Ya tare cikin Suro, rufi ya rufto masa."

"Gara ta cinye rufin Pak Darmo tun kafin a haife ni."

"To me ya hana shi ruftowa a wani watan?"

Ya juya ya nufi ƙofa. Ita kuwa sai ta ja bakin zane ta goge ido, wai hayaƙi ne.

"Gumin jikinka ne a ginin nan, Le. Ba zan bari a buɗe shi a watan da ba a buɗe komai ba, wani abu ya same ka, in ce da na sani."

Ya dawo ya tsuguna a gabanta, murya ƙasa-ƙasa.

"To zaɓi, Mbah. Suro ko teku."

Ta kalli ƙofofin nan huɗu a rufe. Can sai ta ce, "'Yan matan nan biyu, Yosefa da Marselina. Daga tsibirin Flores suke, jinya suke koyo. Suna cushe a ɗakin wata ƙawarsu bayan coci. Su ba Jawa ba ne, Suro bai san sunansu ba."

"To shi ke nan!"

"Amma ya san naka. Gidan na Bajawe ne." Ta murza yatsu. "Ba tarewa za su yi ba. Baƙunta za su zo wajena, har wata ya mutu. Ban taɓa jin an hana baƙo cikin Suro ba. Su shigo ta ƙofar kicin, jaka ɗaya-ɗaya, ba hayaniya."

"Baƙi suna biyan haya?"

"Nawa suna biya. A can bakin titi za su ba ka, ba cikin gida ba."

"Mbah, watan Suro guda kike son yi wa wayo?"

"Na yi wa kakanka shekara da shekaru, shi da ke da ido biyu. Tada babur, kada wani ya riga mu!"

Wallahi na gan su da idona. Tsohuwar da ba ta taɓa yarda ta hau babur ba, ta ƙanƙame rigar jikanta da hannu biyu, ido a rufe, baki na ta addu'a Allah ya sa yaran ba su samu wani wuri ba. Allah ya taimake ta, ba su samu ba. Kafin la'asar jaka biyu sun shige ta kicin, Mbah na tsaye tana faɗa da ƙarfi, don duk mai ji ya ji, "Sannunku da zuwa, baƙina! Kwana biyu dai za ku yi, ko?"

Danang ya fita bakin titi ya kira Pak Sutris, ya ce a ba wani gurbin. Da ya dawo ya kama hannunta ya kai goshinsa, yana dariya har da hawaye.

"Na bi, Mbah. Daga yau ke ce mai gidan haya, ni mai shara."

"Da can me kake?"