Yadda Ake Sayar da Gida da Gwaggo a Ciki

Harisu ɗan unguwarmu ya ci amana. Ya sayar da gidan kakansa da ke cikin garin Daura, alhali ƙanwar mahaifinsa, Gwaggo Laraba, tana raye, tana zaune a ɗakin ƙuryar gidan, kuma ba a taɓa raba gado ba balle a fitar mata da nata. Ya yi wannan ne a farkon shekarun ƙaddamar da shari'ar Musulunci, lokacin da kowa ke rantsuwa ya shiryu. Da yake na lura samari da yawa suna sha'awar wannan sana'a, na ga ya dace in tsara musu hanyarta. Bi matakan nan yadda Harisu ya bi su. Na yi maka alkawari za ka samu abin da ya samu, ba ragi.

1. Ka san abin da ke karya farashin gida

Jahili yana zaton darajar gida tana ga siminti da kwano. Mai saye mai wayo kuwa yana duba inda indararon maƙwabci yake zuba, da ko rijiya tana da zartsi, da ko benen kusa yana leƙen tsakar gidan da iyalinsa za su sha iska. Duk waɗannan ana lallaɓa su. Indararo ba ya tona asiri da rani. Rijiya kuwa, rufe ta da kwaɗo ka ce makullin ya ɓace.

Abin da ya fi duka kayar da farashi shi ne tsohuwa mai rabo. Tsagewar bango ana shafe ta. Tsohuwa ba ta shafuwa, ga ta da baki.

2. Ka kawar da ita cikin mutunci

Kada ka kore ta, unguwa za ta ji. Nemo mata suna ko biki. Harisu ya yi sa'a, jikar ƙawar Gwaggo ta haihu a Dutsi. Ya durƙusa har ƙasa.

"Gwaggo, ki je ki huta. Ki zauna har mai jego ta gama wanka."

"Kai Harisu, yaushe ka fara tausayina? Ko zazzaɓi kake yi?"

"Zumunci ne kawai, Gwaggo."

"To, Allah ya sa. Ka kula min da kaji."

Biya mata kuɗin mota da hannunka, ka zaunar da ita a gidan gaba. Wannan ne alheri na farko da za ka yi mata a rayuwarka, don haka ka yi shi a gaban mutane.

3. Ka share sawunta

Gwaggo daddawa take yi. Gidan da aka shekara da shekaru ana dafa kalwa, bangonsa ma shaida ne. Shafe shi da farar ƙasa, ka bi da turaren wuta. Kwashe tukwane da turmi da akwatinta ka kai gidan aboki. Kaji ne matsala: ko ka ba maƙwabci ajiya, da magariba za su dawo su tsaya a ƙofar ɗakinta. Harisu ya magance wannan da wuƙa da yaji.

4. Ka nemi dillali mai carbi, da mai saye baƙo

Harisu ya samu Ya'u dillali, mutumin da ba ya ƙarya sai idan ciniki ya buƙata. Ya'u ya kawo Alhaji Mainasara, mai fataucin dabbobi daga Kongolam, wanda ke neman gida a cikin gari don yaransa su yi karatu. Baƙo kake so. Ɗan gari ya san Gwaggo, da daddawarta aka yaye shi. Ka kawo baƙon naka da rana tsaka, lokacin da maza suna kasuwa, unguwa ta yi tsit.

5. Idan aka tambaye ka ita, ka kashe ta

Alhaji ya tsaya a ƙofar ɗakin ƙurya, ya ga ƙusoshin gidan sauro, ya ga inda baya ya goge bango.

"Wannan ɗakin kamar da mutum."

"Na gwaggona ne, Alhaji."

"Tana ina?"

A nan rago yake cewa ta yi tafiya, sai a tambaye shi yaushe za ta dawo, kuma da yardarta ake cinikin? Harisu ba rago ba ne. Ya sunkuyar da kai.

"Allah ya yi mata rasuwa, Alhaji."

Ya'u ya share ido da hannun riga. "Mace ta gari. Ni na riƙe gaban makarar."

Riƙe wannan hikima: mamaci yana ɗaga darajar gida, domin ba ya musu, ba ya zuwa kotu. Nan take aka yi ciniki, aka shafa fatiha.

6. Kada ka bar mai saye ya yi sallah a unguwar

Wannan matakin ne Harisu ya tsallake. La'asar ta same su a ƙofar gida, suka shiga masallacin unguwa. Alhaji Mainasara mutum ne mai tarbiyya. Ana sallamewa ya miƙe.

"Jama'a, ni ne sabon maƙwabcinku. Kafin komai, ina yi muku ta'aziyyar Gwaggo Laraba. Allah gafarta Malam, a yi mata addu'a."

Masallaci ya ɗauki salati. Liman ya juyo. "Yaushe? Aka rufe Laraba ban sani ba? Wa ya yi mata sallah?"

Mati mai injin niƙa, wanda katangarsa ke haɗe da ta gidan, ya ce, "Wace Larabar? Ai jiya ta aiko direba ya tambaye ni lafiyar kajinta."

Kafin Mati ya rufe baki, mutanen sahun baya sun riga sun kai labarin rasuwa cikin gidaje. Aka waiga neman Harisu, sai takalmansa.

7. Ka shirya tarbar mamaciya

Direban da ya kawo saƙon Gwaggo shi ya kai mata labarin mutuwarta. Ta biyo shi. Ta tarar da mata cike da tsakar gida a kan tabarmi, wasu har daga ƙauye da ƙwaryar gero.

"Wa ya mutu?"

Mata biyu suka runtuma waje ba mayafi. Wata ta yi ƙarfin hali. "Ke, Gwaggo."

"To, sannunku da zuwa. Wacce ta yi min wanka a cikinku?"

Ta leƙa ɗakinta, wayam, ko tabarma babu. Ba ta yi kuka ba. Ta zauna a bakin ƙofa, ta miƙe ƙafa.

"A nan aka haife ni. Nan na dawo bayan maigidana ya rasu. Ba ni da wani wurin. A kira min Alhajin da ya roƙa min addu'a. Na gode masa, kuma shi zai raka ni gaban alƙali."

8. A kotu, kada ka dogara da dillali

Ya'u ne ya fara zamewa. "Allah gafarta Malam, ni ma a bakin Harisu na ji rasuwar."

"To makarar wa ka riƙe?" in ji alƙali.

Ya'u ya hau jan carbi. Harisu ya ce sharrin Shaiɗan ne. Alƙali ya ce babu Shaiɗan a cikin waɗanda aka yi ƙara.

Gargaɗi

Ni dai na jera maka matakai. Abin da ya biyo baya naka ne kai kaɗai. Kada ka ambaci sunana a kotu, kada ka aiko in zo beli, kuma ba na kai abinci gidan yari.

Alƙali ya rushe cinikin, aka mayar wa Alhaji dukiyarsa. Aka raba gado, aka ba Gwaggo rabonta da ɗakinta a ciki, aka ja mata katanga. Ya'u ya sha bulala saboda shaidar zur. Harisu kuwa, an yi masa bulala a harabar kotu, Gwaggo tana zaune tana kallo, aka wuce da shi gidan yari.