Bulok Biyu Masu Jan Fenti

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai ba da ƙarfi ga wanda Ya so, Mai karɓe abinSa ba tare da shawara ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ba zan taɓa mantawa ba da wata Juma'a a unguwarmu ta Abbare, a shekarun farko da Jalingo ta zama babban birnin jiha. A lokacin muna cikin jayayya ni da babban ɗana Bashir. Ina da gonar shinkafa a wajen Lau, shi kuwa ya nace wai tsufa ya kama ni, in bar masa noman in zauna da littattafaina. Ni kuma na ce ko kusa, da sauran ƙarfina.

Maƙwabcina Injiniya Ɗanjuma, Bajukune ne Kirista, ma'aikacin gwamnati, mutumin kirki. Aibinsa ɗaya: son gudu. Shi da abokansa suna tseren motoci a wani fili bayan gari (na tambaya, ya rantse babu caca a ciki), sai ya duƙufa haɗa wa tsohuwar motarsa sabon inji a tsakar gidansa.

Ranar Alhamis bayan la'asar na shiga gaishe shi, na tarar da wasu ƙarafa biyu a ƙasa, kowanne da ramuka huɗu a jere, an shafe su da jan fenti, kamar Hasan da Husaini.

"Baba Malam, wannan shi ne bulok, gangar jikin inji," in ji shi. "Ɗaya baƙin ƙarfe ne. Yana jure wuta, yana jure wahala, in ka so ka faɗaɗa waɗannan ramukan na fistin ba zai yi gardama ba. Amma nauyi! In an zo shan kwana sai ya ja kan mota waje. Ɗaya kuma alminiyam, yana huce zafi da sauri, mota ta tashi kamar tsuntsu. Sai dai in ruwa ya ƙare ya yi zafi sau ɗaya, ya lanƙwashe, shi ke nan."

Na riƙa gyaɗa kai irin na wanda ya fahimta (alhali zuciyata tana can tana shirya wa Bashir hujjoji). Da ya shiga ɗaki kawo mini ruwa, sai na ga ɗaya daga cikinsu ya tare mini wurin miƙe ƙafa. Na ce bismillahi, na kama. Jama'a, sai ga shi ya taso har gwiwata! Na ajiye, na dubi hannuwana. Ashe duk surutun Bashir ƙarya yake yi wa jikina.

Da na yi shiru, da na tsira. Amma washegari, da aka sauko daga Juma'a, sai na tare Bashir a gaban dattawa, cikinsu har da abokin karatuna Modibbo Hammadu, Bafulatanin da bakinsa bai san kara ba.

"Bashir, ka san nauyin injin mota?"

"Na sani, Baba."

"To, ga shaidu. In na ɗaga gangar jikinsa, ba ka ƙara yi mini zancen gona. In na kasa, gona taka ce."

"Baba, don Allah a bar maganar."

"Bar shi, ɗana," in ji Modibbo. "Mu je mu ga ikon Allah. Ni tun muna makaranta ban taɓa ganin ya ɗaga abin da ya fi akushi ba."

Muka ɗunguma gidan Injiniya. Bulok ɗaya ne kawai a ƙasa, ɗayan an riga an ɗaura shi a mota da safe. Ni ban ga wata damuwa ba. Ja ne, ramuka huɗu ne. Da Injiniya ya ji abin da ke tafe da mu, sai ya zaro ido.

"Baba Malam, ka tsaya tukuna, wannan ba shi ba ne..."

"Ɗanjuma," na ce cikin muryar da nake tsawata wa ɗalibai, "jiya ma da ka juya baya na ɗaga."

Na cire rawani na miƙa wa Bashir, na naɗe hannun farar babbar rigata, na duƙa, na ja. Ƙarfen nan ko gezau. Na ce ƙila an ɗaure shi da ƙasa, na leƙa: ba a ɗaure ba. Na gyara tsayuwa, na karanto abin da ya sawwaƙa, na tattaro ƙarfin da na yi tanadi tun ƙuruciya, na fizga. Wani abu ya ce ƙas a gadon bayana, hannuwana suka suɓuce, na tafi da baya, na zauna daram cikin wani faffaɗan kwano da aka tsiyaye baƙin mai a ciki.

Na yunƙura in tashi, baya ya ce a'a.

"Sannu, Shehi," in ji Modibbo, yana share hawayen dariya da gefen rawani. "Mun shaida. Ka ɗaga kam, amma ƙafafunka ka ɗaga."

Sai a sannan Injiniya ya samu ya ƙarasa maganarsa, cikin ladabi, yana kallon ƙasa: na jiya alminiyam ne, wannan kuwa baƙin ƙarfe, mutum biyu suke kama shi, da ƙyar. Aka ciccibe ni zuwa gida ina ɗigar da mai a hanya. Hajiya, uwargidana, ta dubi rigar, ta dube ni, ta ce, "Malam, masallacin ne haka yau?"

Gona dai ta koma hannun Bashir, don alƙawari kaya ne, kuma shinkafar ba ta nuna ta yi kewata ba. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne, shekara da shekaru ina karantar da ɗalibai cewa ba a ƙiyasta abu da abu don kawai sun yi kama a ido, sai an binciki inda suka rabu. Babin na haddace shi tsaf. Fahimtarsa ce sai da na zauna cikin kwano.

Allah Ya yi maka albarka, mai karatu, kai da iyalanka, Ya tsare muku mutuncinku da gadon bayanku. Amin.