Faifan da Ya Hana Iyatu Takaba

"Sannu da zuwa, mijin wahala. Ashe ko ruwan ma bai so ka ba."

Da haka Iyatu ta tarbi jikanta Taufiq a bakin zaure. Tun da hantsi ta aike shi Bunkure karɓo mata magani, sai ga labari wai wani mai keke ya faɗa babban kanal ɗin ban ruwa. Tun daga nan ta kasa zama wuri ɗaya.

Taufiq ya jingine kekensa mai giya, tayoyin duk taɓo. Ya ce Isiyaku mai tumatir ne ya faɗa, kuma an tsamo shi lafiya, kwandonsa kawai ruwa ya tafi da shi. Tare suka gangaro inda ruwa ya malale hanya. Robar birkin Isiyaku ta jiƙe, ya matse ta ƙi kama taya. Shi kuwa nasa birkin a tsakiyar taya yake, jikin wani faifan ƙarfe da taɓo bai kai ba, yana taɓawa ya tsaya cak.

"Faifan nan da kika ce murfin tukunya ne, tsohuwa, shi ya hana ki takaba yau."

"Takabar wa? Ni da guɗa zan yi. Kakanka shekara arba'in yana hawa da birkin roba, har Madobi ya sha kai ni."

"Shi ya sa kike ɗingishi. An ce ranar a jikin jakin mutane kuka tsaya."

"Jakin ne ya tare hanya, maƙaryaci."

Ta ce ai ita roba in ta cinye, ko tsohon silifas aka yanka aka liƙa an wuce wurin, nasa kuwa ranar da ya lanƙwashe sai ya goya keken zuwa Kano. Taufiq ya amsa cewa nan kam ta yi gaskiya, ya ƙara da cewa a bayanta zai ɗora shi.

Dariya ta ƙwace mata. Ta kamo hannunsa ta jujjuya, ta duba gwiwoyinsa, ba ko ƙwarzane. Sai a sannan ta yi hamdala, ta shiga ɗaki ta fito da dafaffiyar masara biyu.

"Ungo. Faifan na bai wa, kai riƙe masa kawai za ka yi."