Nomau Bai Bar Komai a Ƙasa Ba

A Tungar Kanya, can bakin kogi, akwai wani gidan manoma 'yan gandu. Mai gidan sunansa Wada. Yana zaune da tsohuwarsu Inna Kulu, da ƙanensa Nomau, da matar ƙanen, Lantana. Nomau ƙato ne mai ƙarfin gaske, ba ya ƙiwuya, ba ya musu. Abu ɗaya ne da shi: yadda magana ta fito daga bakinka, haka zai ɗauke ta ya aikata.

Wata rana da farkon damina, Wada ya ce masa ya riga shi zuwa gona ya fara yin kunya, shi zai biyo baya da irin gyaɗa. Da hantsi Wada ya iso, ya tarar ko kunya ɗaya ba a tayar ba. Ga garma a yashe, ga Nomau tsugune a tsakiyar gona ya rufe fuska da riga. Duk wanda ya wuce ya yi masa sannu da aiki, sai ya ƙara sunkuyar da kai. Wada ya tambaye shi me ke nan.

Ya ce, "Yaya, tun safe nake yi. Ko Lantana ranar da aka kawo ta ba ta kai ni ba."

Wata rana kuma Inna Kulu za ta barka, ta ce masa ya sa ido a kan ragonta kada ya shiga dawar maƙwabta. Nomau ya durƙusa, ya kama ƙahonnin ragon, ya manna idonsa a goshinsa. Ragon ya ja da baya, ya kai masa karo. Inna ta dawo ta same shi da ido kumbure kamar ƙwan agwagwa, amma ya sake kama ragon, ya manna ɗaya idon. Dawar maƙwabta dai ko ganye ba a taɓa ba.

Wata rana a ƙarshen damina, Wada zai tafi cin kasuwa. Ya dubi geron da aka shanya a tsakar gida, ya ce, "In hadari ya taso, kada ka bar komai a ƙasa."

Da azahar gabas ta yi baƙi. Nomau ya kwashe geron, ya ga soro ba zai ɗauki kayan gidan duka ba, sai ya nufi dutsen da ke bayan gida. Ya kai gero, ya dawo ya yashe rumbu. Ya saɓa awaki a kafaɗa, ya kai kaji cikin akurki, ya kora shanun huɗa har ƙoli. Lantana tana faɗa, ya ɗauke ta da tukunyar da ke hannunta. Inna Kulu ta ce ya kiyaye ta, ya goya ta a baya. Maƙwabta suka fito ƙofar gida suna ta dariya.

Ruwan bai ma yi ƙarfi a garin ba. Can saman kogi aka tafka shi, kafin la'asar kogi ya ɓalle ya shigo Tungar Kanya. Rumbuna suka zube, garka ta zama tafki. Masu dariya suka hau dutsen nan da 'ya'yansu a wuya, suka tarar da Lantana ta hura wuta. Geron Nomau ne ya riƙe garin har ruwa ya janye, kuma daga cikinsa kowa ya sami irin baɗi.

Da Wada ya ƙetaro a kwalekwale, sai ya ga dabbobinsa suna tuƙa a kan dutse. Mai unguwa na ta sa wa Nomau albarka, mata na guɗa, shi kuwa ya matso kusa da yayansa, murya ƙasa-ƙasa.

"Yaya, ka yi haƙuri. Rijiya ce kaɗai ta gagare ni."